Hanyar da kuɗin lafiya ke bi kafin ya zama magani a asibiti

Duk ranar da asibitin matakin farko ya wayi gari babu magani, ko firjin ajiye allurar rigakafi ya tsaya, abin da ke fitowa daga bakin jama'a shi ne gwamnati ta gaza. Ƙorafin yana kan hanya, sai dai a tsarin tarayya gwamnati ba ɗaya ba ce, kuma kukan da aka kai inda ba su da hurumi a kai ba ya kawo magani. Shi ya sa mu ma'aikatan lafiya muke son jama'a su san wa ke da ikon me, kuma a wace gaɓa kuɗi ke maƙalewa.

Kundin tsarin mulki ne ke raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, kuma kowace ƙasa da irin rabonta. A Amurka, duk ikon da kundin bai ba tarayya ba kuma bai hana jihohi ba, na jihohi ne ko na jama'a. A Indiya akasin haka ne, abin da ba a ambata ba na gwamnatin tsakiya ne, amma an rubuta kiwon lafiyar jama'a ƙarara a jerin ikon jihohi. Kundin Nijeriya na 1999 ya zo da jeri biyu a Jadawali na Biyu. Na farko na tarayya ne ita kaɗai, irin su tsaro da buga kuɗi da kwastan, kuma a cikinsa ne aka sa magunguna da guba da killace masu cuta mai yaɗuwa. Na biyu na haɗin gwiwa ne, inda tarayya da jiha kowa zai iya yin doka, amma idan dokokin suka yi karo ta tarayya ce ke rinjaye, kamar yadda sashe na 4 ya tanada. Abin da bai faɗa cikin ko ɗaya ba ya zama na jiha. Jadawali na Huɗu kuma ya sa ƙananan hukumomi 774 su shiga cikin samar da ayyukan lafiya. A aikace, asibitocin koyarwa na tarayya suna hannun tarayya, manyan asibitocin jiha suna hannun jiha, matakin farko kuma yana tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kusa da talaka, kuma shi ne aka fi yi wa jifa da nauyi, kowa yana nuna ɗan'uwansa.

Doka kuwa tana farawa ne a matsayin ƙuduri. Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360 kowace za ta yi masa karatu na farko, sannan na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, sai a miƙa shi ga kwamiti, daga nan karatu na uku. Dole majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya tabbatar da shi ya zama doka. Matakin kwamiti shi ne wanda ya kamata a sa wa ido, domin a nan ne ake zaman jin ra'ayin jama'a, a nan ne ƙungiyar ungozomomi ko ta masu fama da wata cuta za ta iya miƙa takardarta a gyara sakin layi.

Kasafin kuɗi ma doka ce, kuma wannan ne mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sashe na 80 na kundin tsarin mulki ya hana a fitar da ko kwabo daga babban asusun gwamnatin tarayya sai da izinin doka. Kafin a kai ga haka, dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta a fara gabatar da tsarin shekara uku, wanda ke ɗauke da hasashen kuɗin shiga da giɓin da za a cike da bashi. A kan wannan hasashen ake yanka wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta nema. Ma'aikatar lafiya ta tsara buƙatunta cikin wannan iyaka, shugaban ƙasa ya gabatar da jimillar ga majalisa bisa sashe na 81 na kundin, sannan ministoci da shugabannin hukumomi su je gaban kwamitoci su kare abin da suka nema. Idan shekara ta kama ba a gama ba, sashe na 82 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida, bisa ma'aunin abin da aka amince a daidai wannan lokaci a bara. Amurka ba ta da irin wannan ƙofa, shi ya sa rashin jituwa kan kasafi ya rufe wasu ma'aikatunta na tsawon kwana 35 daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019.

To, a ina matsalar take shigowa? Sanya kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban. Lambar da aka karanta a rediyo izini ce kawai na a kashe, ba tsabar kuɗi ba ce a hannu. Idan kuɗin shiga ya gaza hasashe, albashi da biyan bashi ake fara sallama, sai ragin ya faɗa kan manyan ayyuka, wato gini da sayen na'urori da motocin ɗaukar marasa lafiya. Idan kuma an saki kuɗin a makare, tallata kwangila da tantance 'yan kwangila suna cin watanni, shekara ta ƙare aikin yana rabi. Akwai kuma ayyukan da ake cusawa a majalisa ba tare da an tambayi jihar da za ta riƙe su ba. Sai a gina asibiti, a yi bikin buɗewa, amma babu wanda ya tanadi albashin nas ko kuɗin man janareta, domin gini na kasafin tarayya ne, ma'aikata kuma na kasafin jiha ko ƙaramar hukuma. A ganinmu wannan ya fi kowace ɓarna ciwo, don an kashe kuɗi kuma mai naƙuda ba ta sami wanda zai karɓe ta ba.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami da asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya. Dokar ta raba shi filla-filla: kashi 50 ta hanyar inshorar lafiya, 20 na magunguna da rigakafi da kayan aiki, 15 na gyaran gine-gine da na'urori da sufuri, 10 na horar da ma'aikata, 5 na jinyar gaggawa. Ta kuma ɗora wa jiha da ƙaramar hukuma sharaɗin kawo nasu kason. Amma sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, shekara huɗu bayan dokar. Haka nan alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, alkawari ne na siyasa, ba ya aiki sai majalisa ta sa shi cikin dokar kasafi ta kowace shekara.

Don haka ƙorafi bayan an sa hannu a kasafi ihu ne bayan hari. Lokacin magana shi ne watannin da ma'aikatu ke tsara buƙatunsu da kuma makonnin kare kasafi. Sai kwamitin raya gunduma, wato kwamitin mutanen yankin da ke sa ido kan asibitin matakin farko, ya rubuta abin da asibitinsa ya rasa da adadi: gado nawa, ma'aikata nawa, wane magani ne ya yanke kuma tun yaushe. A kai kwafi ga hukumar lafiya matakin farko ta jiha, a kai wa ɗan majalisar jiha, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Bayan an zartar, a nemo layin aikin a takardar kasafi, a rubuta lambarsa da adadin kuɗinsa, sannan a duba rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku don a ga nawa aka saki. Idan hukumar tarayya ce ke riƙe da aikin, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Idan an saki kuɗi kuma babu aiki a ƙasa, sai a kai takardun ga kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda ke zama kan rahoton babban mai binciken kuɗi, tare da hotunan wurin da ranar da aka ɗauke su.