Saita sabuwar kyamarar dijital

Saita kyamara shi ne shirin da ake yi wa sabuwar kyamarar dijital daga fitowarta daga kwali zuwa ɗaukar hoton farko. Canon, Nikon, Sony da Fujifilm kowanne da nasa tsarin, amma buƙatar ɗaya ce: batir mai caji, katin ajiyar hotuna nagari, da saituna da suka dace da ƙasar da za a yi aiki. Na ƙarshen nan aka fi tsallakewa, alhali da yawa daga kyamarorin da ke isowa Kaduna don kasuwar wata ƙasa aka tsara su.

Batirin yakan zo da caji kaɗan, sai a cika shi tukuna. Yawancin cajojin suna karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, saboda haka wutar Najeriya mai volt 230 ba ta cutar da su, sai dai bakin filogin na iya neman adafta.

Katin da aka fi sani shi ne SD, wanda SanDisk, Panasonic da Toshiba suka sanar da shi a 1999. Nau'in SDHC ya tsaya a gigabait 32, abin da ya haura kuma SDXC ne. Alamar V30 na nufin katin ba ya rubuta ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa, wanda bidiyon 4K yakan buƙata. A cikin kyamarar ake yi masa fomat, ba a kwamfuta ba, kuma fomat na share duk abin da ke ciki. Kati mai arha fiye da kima abin zargi ne, domin jabu ya yi yawa.

Da zarar an kunna kyamara za ta nemi harshe, kwanan wata da yankin lokaci. Najeriya na gaban GMT da awa 1, kuma ba ta sauya agogo a bazara kamar Turai. In babu Legas a jerin birane, sai a zaɓi Paris a kashe sauyin bazarar. Kowane hoto na ɗauke da lokacinsa a bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil ɗin hoton. Idan masu hoto biyu suka ɗauki biki ɗaya da agogo mabambanta, hotunan kamu da na walima sai su cakuɗe wurin tacewa.

Saitin bidiyo ya fi wannan jawo asara. Wutar Najeriya na tafiya a hertz 50, ta Amurka a 60. Kyamarar da aka bari a NTSC, wato tsarin bidiyon da ya dace da wutar hertz 60, takan nuna ƙyaftawa ko layuka a ƙarƙashin wasu fitilun zauren taro. Maganin shi ne a mayar da ita PAL, tsarin da ya dace da hertz 50, a ɗauka da firem 25 ko 50 a daƙiƙa.

Wajen nau'in fayil ɗin hoto kuwa, JPEG ya ishi mai tura hoto ta WhatsApp. RAW na mai gyara ne a kwamfuta, yana kuma cin wuri. Akwai kuma ɗan mabuɗi mai juyawa a gefen tagar leƙawa don daidaita ta da idon mai ɗauka, a murza shi har rubutun ciki ya fito tangaran.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na lulluɓe Kaduna, kuma ƙurar da ta sauka kan sensa, wato sashen da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, tana fitowa ɗigo-ɗigo a hoto, musamman a sararin sama. Shi ya sa ake ɗaura gilashin kyamara a cikin ɗaki, fanka a kashe, bakin kyamarar na kallon ƙasa, kuma ba a hura ciki da baki sai da robar hura iska.