Me ya haɗa mai lambu da murjanin teku?

Wane murjani ake nufi?

Wanda ke gaɓar jihar Queensland ta Ostireliya, da ake kira Great Barrier Reef. Tsawonsa ya kai kilomita 2,300, kuma UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1981. Murjani halitta ce mai rai, ba ya rayuwa sai da ruwa garau da hasken rana.

To ina ruwan mai ayaba a garin Tully ko mai tumatir a garin Bowen na wannan jihar da shi?

Ruwan da ya sauka a gonarsa ba a nan yake tsayawa ba. Idan damina ta kankama, sai ya kwashi ƙasa da taki da maganin feshi ya bi koguna irin su Tully da Johnstone da Burdekin har teku. Laka ta turɓune ruwan, haske ya kasa kaiwa ga murjani da ciyawar da kunkurun teku ke kiwo. Sinadarin naitirojin na takin zamani kuwa yana haɓaka gansakuka, masana kuma na danganta shi da yawaitar wata halitta mai siffar tauraro, jikinta duk ƙaya, wadda ke cinye murjani.

Laifin masu lambu ne kenan?

A'a. Yawancin laka daga filayen kiwon shanu take fitowa, naitirojin kuma gonakin rake ne kan gaba. Ɗumamar teku ta fi su duka ɓarna. Amma murjanin da ke cikin ruwa mai tsabta ya fi saurin farfaɗowa bayan zafi, wannan kuwa abu ne da ke hannun manomi.

Me ake so mai lambu ya yi?

Ya gwada ƙasa da ganye kafin ya sa taki. Ya riƙa ba shuka kaɗan-kaɗan ta bututun ban ruwa, kada ya watsa gaba ɗaya ana hasashen ruwa mai ƙarfi. A gonar ayaba, a bar ciyawa tsakanin layuka. Shiga irin wannan gona bayan ruwan sama, za ka tarar da saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa, ruwan lambatu kuma bai yi ja ba. A gangaren gona a haƙa kududdufi, laka ta kwanta kafin ruwa ya wuce.

Yaya ake shawo kansa?

A ganina hujjar aljihu ta fi tasiri: takin da ya bi kogi kuɗinsa ne. Ƙungiyar Growcom ta masu lambun Queensland na da shirin Hort360, inda manomi ke auna aikinsa, har ya samu shaidar kare murjani. Ƙungiyar manoman ayaba ma tana da nata tsarin. Tun Disambar 2019 kuma Queensland ta fara aiki da dokokin da suka shafi masu ayaba, har da ajiye bayanan takin da suka sa. Sai dai sauya kayan ban ruwa na cin kuɗi, ƙaramin manomi ba zai ɗauka shi kaɗai ba sai da tallafi da malamin gona da zai taka har gonarsa.