Waiwaye: Tun yaushe taron adabi ya rabu da masu saurarensa a ƙasar Sakkwato?

Duk lokacin da aka tashi daga wani taron marubuta a Sakkwato, gardama ɗaya ce ke biyo baya a Facebook da zaurukan WhatsApp: wai shin wa aka yi wa taron? Masu suka na cewa fuskokin bara su ne na bana, rabin jawaban da Turanci, ɗalibai kuma an kwaso su ne don a cike kujeru. So suke a ɗauki bikin a kai shi Wurno ko Kware ko Boɗinga, a riƙa yin sa kowace shekara a gaban jama'a. Ɗaya ɓangaren na tambayar ina masauki, ina kuɗi, ina tsaro, balle a gabashin jiha inda 'yan bindiga suka hana mutane sakat. Sai su ƙara da cewa ai mutanen ƙauye ba ruwansu da adabi. Maganar tsaro ba mai musun ta. Ta ƙarshen ce nake ja da ita, domin ratar da ake gani yau tana da mafari.

Abin da kowa ya sani ba sai an daɗe a kansa ba. Adabin ƙasar nan a ƙananan garuruwa ya tashi. A Degel Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karantar kafin hijira zuwa Gudu a 1804, a Sifawa ya zauna yana rubutu bayan an ci Alkalawa, a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, kuma Isan Kware, ɗan Shehu kuma mawaƙi, da sunan garinsa aka san shi. Sun yi rubutu da Larabci don malamai, sun yi waƙa da Fulatanci da Hausa don kowa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ma ta kafa abin da ya fi kama da bikin da ake jayayya a kai, wato 'Yan Taru. 'Yan Taru mata ne na ƙauyuka da ke tasowa ayari-ayari a ƙarƙashin shugabarsu, jaji mai malfa, su zo su karɓi waƙa su hardace, su koma gida su rera wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 wannan hanya ba ta yanke nan take ba. Mulki ya sauya hannu, amma ana ci gaba da kwafar waƙa da ajami ana rerawa a zaure.

Inda na ga igiyar ta fara tsinkewa wuri ne da ba a cika ambata ba: shekarun da Hausa ta koma boko ta shiga injin ɗab'i, daga wajen 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1950. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 littattafai biyar aka buga, babu na Basakkwace ko ɗaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 daga Zariya. Rubutun da za a karanta daga Katsina har Bauchi dole ya tsaya a kan ƙa'ida guda, kuma ƙa'idar ta jingina da karin harshen Kano. Ba wanda ya ƙulla wa Sakkwato sharri, kuma Hausa ta ci ribar daidaitawar, da ita nake wannan rubutu ma. Sai dai kowace riba da kuɗinta, kuma kason da ya faɗo wa ƙasar nan ya yi nauyi.

Dubi abin da ke faruwa da baiti guda. Basakkwace cewa yake “da yaz zo”, “rigas sarki”, “wagga magana”, “shi na”, “biyat”, “ɗiya”. Daidaitacciyar Hausa ta ce “da ya zo”, “rigar sarki”, “wannan magana”, “shi ne”, “biyar”, “'ya”. A zance na yau da kullum bambancin bai taka kara ya karya ba. A waƙa kuwa babban abu ne, domin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa aka gina ta, bisa ma'aunin da aka aro daga arulin Larabci. “Yaz” gaɓa ce mai nauyi, “ya” ta “da ya zo” maras nauyi ce. Da zarar mai gyara ya cire wannan harafi don ya bi ƙa'ida, kari ya karye, mai rerawa sai ya ji ƙafarsa ta zurma. Ga kuma wani abu: ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, boko na yau da kullum ba ya nunawa. Wato rubutun da aka bari ya fi sanin bukatar mawaƙi a kan wanda aka koma wa.

Ni kaina na ɗanɗana wannan a firamare. Na rubuta “yat tahi” kamar yadda kakata ke faɗa, takardar ta dawo da jan biro. Malamin aikinsa ya yi, jarrabawa ba ta karɓar haka. Amma abin da yaro ke ɗauka daga nan shi ne bakin gidansu kuskure ne, littafi kuma da bakin wasu yake magana. Yaron da ya girma da wannan, in ya zama marubuci, zai yi rubutu mai tsabta wanda gwaggonsa ta Wurno za ta saurara kamar labaran rediyo, ta fahimta sarai amma ba ta ji nata ba ne. Malamin zaure da ya iya ajami kawai kuwa, a takardun ƙidaya da na neman aiki, sau da yawa cikin marasa karatu ake lissafa shi, alhali a gafakarsa akwai waƙoƙin da ake rubuta digiri a kansu. Haka adabi ya rabu gida biyu: na ido a makaranta, na kunne a zaure da masallaci da tsakar gida, kuma kalmar “marubuci” ta tsaya ga na farko.

Abin da ya biyo baya ɗori ne kawai. An buɗe jami'a a Sakkwato a 1975, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, masana suka yi aikin tattaro tsofaffin waƙoƙi da nazarinsu, aikin da ya cancanci yabo. A shekarun 1980 kasuwar littattafan soyayya ta buɗe, cibiyarta a Kano. Da zamanin bukukuwan littafi ya zo, fasalinsu na birni ne: teburi, makirfo, baƙi huɗu a kan dandali, tambaya uku daga masu sauraro.

Su kuwa makaɗa ba wanda ya bi su da jan biro. Narambaɗa na Isa da Ɗan Anace da Ɗankwairo sun yi waƙa da Sakkwatanci tsantsa, rediyo da kaset suka yaɗa su, yanzu kuma suna cikin wayar ɗan acaɓa da mai shayi. Manomin da ake cewa ba ruwansa da adabi zai kawo maka baitocin Narambaɗa a jere, ya kuma warware maka habaicin da ke ciki, ya gaya maka da wa ake. In watan Maulidi ya kama, Ishiriniya da waƙoƙin bege kan cika unguwanni har tsakar dare ba tare da katin gayyata ba.

Shi ya sa nake ganin gardamar wurin taro ta sha gaban wadda ta fi ta muhimmanci, wato ta yadda ake yin taron. In aka kwashi teburin nan da makirfo aka kai Kware da hantsi a tsakiyar damina, mutane na gona, zauren zai fi na birni zama fayau, masu cewa ƙauye ba ya so su ce ga shi nan. Sai in an sa ranar bayan kaka, an fara bayan la'asar, an keɓe wa mata wurinsu, an fara ba malamin ajami da tsohuwa mai hardar waƙoƙin Nana Asma'u dama kafin mai littafi, an kuma bar matashin marubuci ya karanta labarinsa da “yaz zo” ɗinsa, sannan za a iya ƙirga waɗanda suka zo.