Dokar riguna a tseren Tour de France: wa ya cancanci saka wacce?

Musun da ya fi yawa tsakanin masu kallon tseren keke shi ne wannan: mutum ya riga kowa tsallake layi yau, amma rigar ɗorawa tana jikin wanda ya zo na talatin. Ba maguɗi aka yi ba. Ana yin tseren ne zango-zango, yawanci zango 21 cikin mako uku, kuma a kowace rana ana rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɓata, a haɗa da na kwanakin baya. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke saka rigar ɗorawa, wadda aka fara bayarwa a 1919. Shi ya sa Chris Froome ya lashe gasar 2017 ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba.

Wajen ƙirga lokacin ne ake yawan ruɗewa. Duk waɗanda suka iso a dunƙule, lokaci ɗaya ake rubuta musu, ko da na gaba ya ba na ƙarshe tazarar mita da yawa. Sai an samu giɓi a tsakiyar ayarin sannan a raba lissafi. Ukun farko kuma ana yi musu rangwamen sakan 10, 6 da 4, ban da ranar da ake tseren agogo, wato ranar da ba a tashi gaba ɗaya, ake sakin mahaya bi-da-bi ana auna lokacinsu. Kada a raina sakan: a 1989 da sakan 8 kacal Greg LeMond ya doke Laurent Fignon. Akwai kuma sassauci ga wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace a cikin kilomitocin ƙarshe, yawanci uku, ana ba shi lokacin ayarin da yake ciki. Wannan sassaucin ba ya aiki idan a kan dutse zangon zai ƙare.

Koriyar riga, wadda ta zo a 1953, ba ruwanta da agogo, maki ake tarawa a ƙarshen zango da kuma wani layi da ake ajiyewa a tsakiyar hanya. Zangon shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya fi maki, don haka masu gudun ƙarshe ne ke cin moriyarta. Peter Sagan ya ɗauke ta sau bakwai, Biniam Girmay ɗan Eritiriya kuma ya ɗauke ta a 2024. Mai ɗigo-ɗigon ja ta gwanayen hawa ce, maki gwargwadon wuyar dutsen. Farar riga lissafinta iri ɗaya ne da na ɗorawa, sai dai ta waɗanda ba su kai shekara 26 ba ce.

To idan mutum ɗaya ne ke gaba a lissafi biyu ko uku fa? Riga ɗaya zai saka, bisa fifiko: ɗorawa, sai koriya, sai mai ɗigo, sannan fara. Sauran a ba wanda ke bi masa ya saka. Rigar aro ce, kuma a ganina nan ne rabin gardamar magoya baya take tasowa, domin suna ganin riga a jikin gwaninsu sai su ɗauka shi ke gaba. A 2020 Tadej Pogačar ya gama gasar da ɗorawa da mai ɗigo da fara, duk nasa.

Manyan tseren keke na Italiya (Giro) da Sifaniya (Vuelta) tsarinsu kusan haka yake, launi ne ya bambanta: ruwan hoda ga jagoran Giro, ja ga na Vuelta.

Sharaɗin da ya fi cin mutane shi ne wa'adi. Kowace rana akwai iyakar lokacin da dole kowa ya iso, ana lissafa ta daga lokacin wanda ya ci zangon. Mai koriyar riga da duwatsu suka galabaitar, ya makara, za a iya cire shi daga gasar duk yawan makinsa. Alƙalai suna da ikon yafe masa idan akwai dalili, amma sukan zaftare masa maki. Wanda kuma ya janye kafin ranar ƙarshe, sunansa ya fita daga lissafin baki ɗaya.