Sabon tankin kifi: yadda ake fama da amoniya a sati shidan farko

Kukan da ya fi yawa a bakin masu sabon shiga kiwon tarwaɗa a Damagaram iri ɗaya ne: an zuba ƴan kifi lafiya lau, kwana goma zuwa sati biyu suka daina ci, suka fara juyewa ciki sama, ga ruwa kuwa garau. Sai a ɗora laifin a kan mai sayar da ƴan kifin, wani ma ya ce kambun baka ne. Mafi yawan lokaci amoniya ce, wata guba da ke taruwa a cikin ruwan, ita kuwa ido ba ya ganinta.

Kifin ne da kansa yake fitar da ita ta jajayen kunnuwan da yake numfashi da su, sai kashi da ragowar abinci su ruɓe su ƙara. Kowane kilo na abincin kifi yana haifar da amoniya giram 30 zuwa 40, gwargwadon furotin da ke cikinsa. Ke nan giram 100 na abinci a tanki mai lita 1,000 ya isa ya kai ta miligiram 3 zuwa 4 a kowace lita cikin yini ɗaya. A tabki irin na Gidimuni, yawan ruwa da laka da ciyayi suna shanye wannan datti. Sabon tanki ba shi da ko ɗaya.

Masu yi maka wannan aiki wasu ƙwayoyin bakteriya ne iri biyu. Na farko suna mai da amoniya nitirit, wadda ita ma guba ce, na biyu su mai da nitirit nitirat, mai sauƙin illa. Ba cikin ruwa suke yawo ba, jikin abu suke maƙalewa, don haka ake haɗa matata: tano cike da wankakkiyar tsakuwa, ko yankakken tiyo, ko murafun kwalbar roba, famfo yana zagaya da ruwa ta cikinta dare da rana. Kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin tanki sai sati huɗu zuwa shida, lokacin sanyi ma ya fi haka. Wanda ba shi da matata, canjin ruwa kaɗai ne mafitarsa, kuma kowa ya san abin da jarka take ci a garin nan da bazara.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a raini ƙwayoyin kafin kifi ya shigo. In tankin na sabon siminti ne, a jiƙa shi sati biyu ana zubar da ruwan ana sake cikawa, domin siminti yana sa ruwa ya yi kaifi irin na kanwa. In ruwan famfo ne, a bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu sinadarin kulorin ya fita, don yana kashe ƙwayoyin da ake nema. Daga nan a kunna famfo, a ɗaure abincin kifi cikin tafin hannu ɗaya a tsumma, a jefa ya ruɓe, a riƙa aunawa har amoniya ta kai miligiram 2 a lita. In ta haura 5 a cire ƙullin, yawanta yana danne ƙwayoyin su kansu. Idan maƙwabci yana da tsohon tanki mai lafiya, a roƙi bokiti guda na tsakuwar matatarsa, a kawo ta jiƙe cikin ruwanta a juye a taka. Kamar dai yadda ake ɗiga tsohon nono a madara ne, yana rage jira ƙwarai.

Ma'aunin ruwa, wanda ake ɗiga magani a duba launi, ba abin ado ba ne. Uku ake buƙata: na amoniya, na nitirit da na pH, wato na tsami ko kaifin ruwa. Abin da za ka gani shi ne amoniya ta hau a sati na farko da na biyu, ta fara sauka, nitirit kuma ta tashi ta daɗe a sama. A nan mutane suke ruɗewa, sun ga amoniya ta sauka sai su zuba kifi, nitirit ta kwashe su. Tanki ya nuna ne ranar da ka kai amoniya miligiram 2, washegari ka auna ka tarar da ita da nitirit duka sifiri.

Maganar pH tana son a tsaya a kanta, domin a nan ƙasarmu take da tata matsalar. Lambar da ma'auni ke nunawa jimilla ce ta amoniya iri biyu, mai guba da mai sauƙi, kuma zafi da kaifin ruwa ne suke raba su. A digiri 30, in pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta kai kashi 7 da wani abu, a pH 9 kuwa ta kusa rabi. Kifi yana fara cutuwa tun daga miligiram 0.05 na mai gubar. Saboda haka miligiram 1 da tarwaɗa ta jure a watan Janairu yana iya yin ɓarna a Afrilu, musamman ga mai ɗebo ruwa daga rijiya mai kanwa-kanwa ko mai tanki a tsakiyar rana. A yi wa tanki rumfa. Kada kuma a zuba toka, kanwa ko farar ƙasa alhali amoniya tana sama, ƙara wa wuta mai ne.

To, wanda ya riga ya zuba kifi fa? Ya fara da ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tankin zai ɗauka, ya auna kullum da safe kafin ba da abinci. Da zarar amoniya ta wuce miligiram 1, a tsai da abinci kwana ɗaya ko biyu, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi. A zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan da wanda ya kwana, mai ɗumi daidai da na tankin. Lissafin a fili yake: canjin rabi yana mai da 4 ta koma 2, ba sifiri ba, sai an maimaita washegari. Idan nitirit ce ta hau, za ka ga kunnuwan kifin sun koma ruwan ƙasa, a narkar da gishiri giram 1 ga kowace lita, wato kilo guda a lita 1,000. Gishirin yana tare nitirit shiga jini, amma ba ya taɓa amoniya. Tarwaɗa tana da ruɗi a nan, tunda tana haɗiyar iska daga sama, takan jure har sai abu ya yi nisa, don haka rashin ci da yawan tsayawa a tsaye a saman ruwa su ne ishara.

Abu biyu suna mai da hannun agogo baya. Ɗaya wanke matata da ruwan famfo ko sabulu, a ɗauraye ta kawai da ruwan da aka cire daga tankin. Ɗayan ɗaukewar wuta: ƙwayoyin nan suna cin iska sosai, in famfo ya tsaya awanni da yawa sai su fara mutuwa. Mai hali ya haɗa ƙaramin famfo da sola da batir, marar hali ya riƙa ɗiban ruwan tankin da bokiti yana kwarara wa matatar lokaci-lokaci, ya kuma hana abinci har wuta ta dawo. Ruwan da aka cire kuwa kada ya tafi rariya, taki ne ga zogale da salak na garka.