Sikolashif: Kalma Ɗaya da Aka Cusa wa Abu Huɗu

Tun da aka buɗe shafin NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, a 2024, kalmar sikolashif ta shiga bakin kowa. Mai gabatar da shiri a rediyo ya ce gwamnati na raba wa ɗalibai sikolashif, alhali bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗan siyasa ya tara yara a filin firamare ya miƙa musu ambulan, gobe a ji a labarai wai ya ba da sikolashif. Wannan sunansa alawus, ko ihsani idan ana so a mutunta shi. To, waɗannan da sauƙi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka haɗe sikolashif da kuɗin bincike, har masu digiri a Samaru da Kongo, harabobin jami'ar ABU Zariya, suka ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Sikolashif mutum ake ba, a biya masa kuɗin makaranta da na ci da sha, shi ya sa ake fara duba sakamakonsa. Kuɗin bincike kuwa aikin ake ba. Farfesa ne ke rubuta abin da zai bincika, ya ci gasa, sannan ya nemi ɗaliban mastas da na digirin digirgir da za su shiga gona ko ɗakin gwaji tare da shi. A cibiyoyi irin su IAR ta binciken noma a Samaru da NAPRI ta binciken dabbobi a Shika, tambayar da ta fi nauyi ita ce: ka iya aikin?

Ga inda ruɗanin ke ɓarna. Yarinya ta shiga ABU ta sha kashi a aji ɗaya da aji biyu, ga keri-oba a lissafi, ga zirga-zirga daga cikin gari kullum. Ta farfaɗo a aji uku, ta ci A a furojet, ta fita da 3.30. A ma'aunin 5.00, matakin digiri na 2:1, mai bin fes kilas, yana farawa ne daga 3.50, don haka takardarta ta ce 2:2, wato na ƙasa da shi. Sai wani ƙanin babanta da ya saurari rediyo ya ce, "Ke 'yar nan, haƙura za ki yi, sikolashif na 'yan fes kilas ne." Ta ninke takarda ta saka a akwati. CGPA, wato lambar da ake fita da ita irin 3.30 ɗin nan, matsakaici ne kawai, yana cakuɗa shekarar wahala da shekarar ƙoƙari ya fitar da lamba ɗaya. Tiranskirif ne ke nuna hawan da aka yi zango bayan zango, kuma a ganina mai hawa daga 2.5 zuwa 4.5 ya fi dacewa da bincike a kan wanda ya haddace handawut ya zauna a 3.6 shekara huɗu. Bincike ai faɗuwa da tashi ne.

Ko a sikolashif ɗin na gaske ƙofar ba ta rufe ruf ba. Na Commonwealth yana neman 2:1, amma yana karɓar 2:2 idan an haɗa da digiri na biyu. PTDF ma, asusun bunƙasa fasahar man fetur, a na mastas, tana duba mai 2:2 da ya taɓa aiki a fannin. Chevening na Ingila kuwa yana neman digirin da jami'ar can za ta karɓa a mastas, ga kuma shekara biyu ta aiki. Wanda ya fita da ted kilas kuwa, PGD, difloma ta gaba da digiri, ita ce tsaninsa kafin mastas.

Sai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda ake ambato a rediyo kamar rabon taki. Kuɗin karatun da take bayarwa na malaman da ke koyarwa ne a jami'o'i da kwalejojin gwamnati, kuma makarantar ce ke tura sunayensu. Wanda ba ma'aikaci ba, ko da 4.90 ya fita, layin ba nasa ba ne.