Sa Na'urar Gyaran Sauti a Cikin Kan Amfilifayar Jita: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake son yi, kuma don me?

Kan amfilifaya shi ne akwatin da ake ɗorawa a kan lasifika, wanda ake jona jita a jikinsa. Na'urorin ƙawata sauti irin su Yamaha SPX90, Alesis Quadraverb da TC Electronic G-Major kuwa an ƙera su ne don a ɗaure su a rak, wato akwati mai ƙarafa biyu a tsaye da ake jera na'urori a ciki. Su ne ke ƙara amsa-kuwwa da jinkirin sauti. Makaɗi ya gaji da ɗaukar kaya biyu da jone-jonen wayoyi a kowane wasa, sai ya ce bari ya haɗe su a akwati guda.

Za ta shiga kuwa?

Sai an auna. Faɗin fuskar kayan rak inci 19 ne, tsayin gida ɗaya, wato 1U, inci 1.75, tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ake ɗaure ta kuma kimanin inci 17.75. Babban kai irin Marshall JCM800 faɗinsa ya kusa inci 29, don haka faɗi ba matsala ba ne. Inda ake shan mamaki shi ne zurfi. Mutum ya auna jikin na'urar ya ga daidai, ya manta kawunan wayoyin da za a soka a bayanta su ma suna neman inci biyu ko uku.

A sama za a sa ta ko a ƙasa?

A ƙasa. Nan ne duk maganar take. Amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, irin EL34 ko 6L6, murhu ce. Bayan awa guda tana aiki ba ka iya taɓa kwalbar da hannu. Zafi kuma sama yake yi. A ƙirar Marshall injin yana zaune a ƙasa, bawul suna tsaye, shi ya sa idan ka leƙa za ka ga fili a sama kamar yana kiranka. Wannan filin ba na banza ba ne, hanyar iska ce. Ka cusa na'ura a wurin, ka toshe wa bawul numfashi, ita kuma ka gasa ta. Kafasitocin cikinta, wato 'yan kayan da ke riƙe wuta, za su bushe tun lokacinsu bai yi ba, wata rana ana tsakiyar wasa allonta ya ɗauke. Wanda ke kiɗa a zafin watan Afrilu a Kano ko Yamai kada ma ya soma.

Ko a ƙasan ma a bar rata, a buɗe bayan akwatin, in da hali a ƙara ƙaramar fanka.

To sai a yanka akwatin asali?

Ni dai ban ba da shawara ba. Kai wa kafinta ya ƙera sabo da katako mai kauri, wanda ya fi na asali tsayi da kamar inci uku, a kafa ƙarafan rak a gidan ƙasa, a tallafi bayan na'urar don kada nauyinta ya rataya a kan kunnuwan gaba kaɗai. Na asalin a adana shi. Ranar da za ka sayar, tsohuwar amfilifayar da aka yanka ba ta daraja. Mesa/Boogie ma sun fitar da wasu amfilifayoyinsu a sigar rak tun daga kamfani, in ka samu irinsu ka huta.

Yaya ake jona su?

Ta madaukin da ke bayan amfilifaya, ramuka biyu masu rubutun Send da Return. Na farko ya tafi mashigar na'urar, mafitarta ta dawo na biyu. Duba maɓallin ƙarfin sigina, +4 ko -10; in bai dace ba sauti zai shaƙe ko ya yi rauni. Ba kowane kai ke da madaukin ba: JCM800 2203 na asali, na 1981, bai zo da shi ba, sai ƙwararre ya ƙara.

Na haɗa, sai kugi nake ji. Daga ina?

Ko dai na'urar ta matso kusa da tiransifomar wuta, ko kuma wayar ƙasa, wato wadda ke zubar da wutar da ta kauce zuwa ƙasa, ta bi hanya biyu. Gwada kafin ka kafa komai: kunna su, ka riƙa matsar da na'urar kana saurare, inda kugin ya lafa nan ne mazauninta. Matsalar wayar ƙasa kuma ana maganinta da zoben roba a wurin ɗauri, ko ƙaramar tiransifomar raba sigina. Kada ka cire ƙafar ƙasa ta fulogi don kugi ya tafi, ita ke tsare ranka.

Zan iya yi da kaina?

Aikin katako, e. Cikin injin, a'a. Kafasitocin amfilifaya mai bawul suna riƙe wutar da ta haura volt 400 ko bayan an zare fulogi, sai wanda ya iya sauke ta. Kuma in na'urar ta hannu ce daga Amurka, karanta bayanta tukuna: da yawa na volt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce.